Maganin Kwana Huɗu Cikin Awa Huɗu: Nazarin Abin da Ya Faru a Asibitin Cutar Daji na Edmanton

Ranar 31 ga Yuli, 2006, wata mata 'yar shekara 43 ta je Cibiyar Cutar Daji ta Cross da ke birnin Edmanton, a lardin Albata na ƙasar Kanada, domin karɓar magani. Kansar da take fama da ita ta can bayan hanci ce, inda hanci ke haɗuwa da maƙogwaro. Cutar ta yi nisa, amma ba a fid da rai ba. Magunguna biyu aka tsara mata a ranar. Na farko sisfilatin, miligiram 100, wanda aka ba ta a nan asibiti. Na biyu fuloroyurasil, wanda ma'aikata ke taƙaitawa da 5-FU, miligiram 5,250, da zai riƙa shiga jijiyarta kaɗan-kaɗan har tsawon kwana huɗu. Irin wannan ba sai an kwantar da mutum ba. Ana haɗa ledar maganin da wani ɗan famfo mai batir da ake ratayawa a jiki, majiyyaci ya tafi gida da shi, ya dawo ranar da za a cire.

Ta tafi da nata. Bayan kamar awa huɗu sai famfon ya fara ƙara. Da aka duba, leda ta zama wayam. Maganin kwana huɗu ya gama shiga jikinta tun ranar ba ta ƙare ba.

Ta rasu ranar 22 ga Agusta, kwana 22 bayan haka.

Hukumar Cutar Daji ta Albata, wadda asibitin ke ƙarƙashinta a lokacin, ba ta rufe maganar a ofis ba. Ta gayyato ISMP Canada, wata cibiya mai zaman kanta da aikinta shi ne hana kurakuran magani, ta ce a bi diddigi tun daga tushe. A 2007 aka fitar da rahoton a fili, har da abin da likita ya rubuta da abin da ke jikin ledar, lamba bayan lamba. Ba kasafai asibiti ke yarda a tona cikinsa haka a gaban duniya ba, kuma saboda wannan yarda ce muke iya zama yau mu ga inda ƙafa ta zame. Rahoton bai kama sunan nas ko likita ba. Ni ma ba zan kama sunan marigayiyar ba.

Me ya sa sai a hankali

5-FU tsohon magani ne. Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka samar da shi a Amurka a 1957, kuma har yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana amfani da shi a kansar hanji, ta ciki, ta mama, da ta kai da wuya. Aikinsa shi ne hana ƙwayar halitta rabuwa. Sai dai bai san ƙwayar kansa daga ta lafiya ba. Duk wadda ke saurin rabuwa zai taɓa ta. Fatar cikin baki, bangon hanji da ɓargon da ke ƙera jini su ne suka fi shan wuyarsa.

Ba ya daɗewa a jini. Cikin minti goma zuwa ashirin rabinsa ya ɓace, domin akwai wani sinadari a hanta, DPD, da ke karya shi. Wannan ne dalilin ba da shi ɗigo-ɗigo na kwanaki: a riƙe ɗan kaɗan a jini kullum, yadda duk ƙwayar kansa da ta tashi rabuwa za ta same shi yana jiranta, hanta kuma tana kwashe saura. Idan aka kwarara shi gaba ɗaya, hanta ba ta iya cim masa, sai ya yi ambaliya a jiki. Adadin bai canza ba, miligiram 5,250 ne ko a kwana huɗu ko a awa huɗu. Saurin shigar ne ya raba magani da guba.

Lissafin

A nan zan daɗe, domin a nan zuciyar lamarin take.

Takardar likita cewa ta yi: miligiram 5,250, ta jijiya, ba yankewa, cikin kwana huɗu. An samo adadin daga girman jikinta, miligiram 4,000 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Babu kuskure a ciki. Amma shi famfo bai san miligiram ba, bai san kwana ba. Tambaya ɗaya yake yi: mililita nawa a awa ɗaya? Takardar likita ba ta amsa wannan tambaya ba. Saboda haka sai nauyin ya faɗa kan nas da ke tsaye gaban majiyyaciya.

Ga abin da ake so ta yi. Ta raba 5,250 gida huɗu, ta sami 1,312.5, wato miligiram na kwana ɗaya. Ta duba kaurin maganin a cikin leda, miligiram 45.57 a kowace mililita, ta raba da shi, ta sami 28.8, wato mililita na kwana ɗaya. Sannan ta raba wannan gida 24, ta sami 1.2. Wannan ce lambar da famfo ke nema. Mililita 1.2 a awa, abin da bai kai rubu'in ƙaramin cokalin shan magani ba.

Nas ɗin ta ɗauki kalkuleta ta yi mataki na farko daidai, ta yi na biyu daidai, ta tsaya. Ba ta raba da 24 ba. Wannan ne karonta na farko da haɗa 5-FU na kwana huɗu, don haka babu wata lamba da ta saba gani da za ta ce mata 28.8 ta yi yawa.

Daga nan ta yi abin da aka koya wa kowace nas: ta gwada amsarta da takardar da ɗakin magani ya manna a jikin leda. Takardar cike take da lambobi. Akwai yawan maganin da aka zuba, akwai jimlar ruwan, mililita 130, akwai kauri, akwai adadin kwana huɗu da na kwana ɗaya, akwai bayanin cewa za a sami ragowar mililita 14.8. A layin gudu kuwa, wato saurin shigar magani jiki, lambar farko da aka rubuta ita ce 28.8, mililita a awa 24. Ita 1.2, wadda ita kaɗai famfo ke buƙata, tana bayanta a cikin baka biyu, kamar ƙarin bayani.

Ka sa kanka a matsayinta. Ka yi lissafi ka sami 28.8. Ka ɗaga leda, ka kai ido layin gudu, ga 28.8 tana kallonka. Zuciya ta riga ta yanke abin da take nema, ido kuma ya samo mata. Wa zai ci gaba da karatu? Duk wanda ya taɓa neman sunansa a dogon jeri ya san cewa da zarar ya gan shi ba ya duba abin da ke gefe. Babu ƙarya ko ɗaya a wannan takarda, ɗakin magani bai yi kuskuren lissafi ba. Amma takardar da aka manna don ta kama kuskure ita ce ta sa masa hannu.

Ta danna 28.8 a famfo. Ninki 24 na abin da aka nufa.

Ido na biyu

Asibitin yana da ƙa'idar cewa sai nas ta biyu ta duba kafin a kunna famfo. An kuwa kira ta. Tana kan hanyarta ta zuwa wani aiki aka tare ta. Ta nemi kalkuleta ba ta samu ba, sai ta yi lissafin da ka. Ita ma ta ga 28.8 a jikin leda, ta ga 28.8 a famfo, ta amince.

A takarda an cika ƙa'ida, mutum biyu sun duba. A gaskiya kuwa dubawa ɗaya aka yi sau biyu. Wanda aka nuna wa amsa kafin ya fara lissafi, ba lissafi yake yi ba, neman hanyar da za ta kai shi ga amsar yake yi. A asibitoci da yawa abin da ake kira dubawa ta biyu bai wuce a miƙo maka leda a ce, "Duba min nan, 28.8 ne ko?" ba. Da an faɗi lambar, an gama kashe amfanin dubawar.

Dubawa ta biyu ta gaskiya tana da siffa. A ba nas ta biyu takardar likita da leda, ba tare da ta ji ko ta ga abin da ta farko ta samu ba. Ta zauna, da kalkuleta da biro, ta yi nata tun daga farko ta rubuta. Sannan ta je gaban famfo ta karanta abin da ke allonsa da bakinta, lamba da ma'auninta, "mililita kaza a awa ɗaya". Sai a gwada amsoshin biyu. Wannan yana cin minti biyar ko fiye, kuma ba ya yiwuwa a tsaye a kan hanya. Asibitin da ya rubuta ƙa'idar amma bai ware lokacinta ba, bai ajiye kalkuleta inda hannu zai kai ba, bai bayyana me ake dubawa ɗaya bayan ɗaya ba, ya rubuta ta ne don takarda.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Mutum biyu suna iya jingina da juna har kowa ya saki. Ta farko tana cewa ai za a duba, ta biyu tana cewa ai ta riga ta yi, kuma ƙwararriya ce. Shi ya sa ba na goyon bayan a ce komai sai an duba sau biyu. Idan aka yawaita, sai ya zama sa hannu kawai. A taƙaita shi ga inda kuskure ke kisa, kamar nan, a kuma yi shi da gaske.

Famfon da bai ce uffan ba

Famfon ya karɓi 28.8 kamar yadda zai karɓi 1.2. Bai san wane magani ke cikin leda ba, ba a sa masa iyakar da ba zai wuce ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yana da duk abin da zai ba shi damar yin gargaɗi. An gaya masa yawan ruwan da ke leda, an gaya masa gudu. Raba 130 da 28.8 ba wani aiki ba ne ga na'ura. Da allonsa ya nuna cewa ledar za ta ƙare cikin awa huɗu da rabi, babu nas ɗin da za ta wuce wannan, domin kowa a ɗakin ya san kwana huɗu ake magana. Lambar 28.8 ba ta tayar da hankalin kowa. "Awa huɗu" kuwa ko majiyyaciyar ce ta gani za ta ce a dakata.

Masu binciken sun yi wani gwaji da ya kamata duk mai saurin yanke hukunci ya sani. Sun ɗauki nas biyar daga wani asibitin cutar daji dabam, suka ba su irin wannan famfo da irin wannan aiki, suka zuba ido. Uku daga cikin biyar sun shigar da bayanin da ba daidai ba. Dukansu biyar sai da wani sashe na saita famfon ya rikita su. Waɗannan ba su da gajiyar wannan rana, ba majiyyaci ke jiransu ba, sun kuma san ana kallonsu.

Bayan wannan gwaji, maganar cewa wata nas ce ta yi sakaci ba ta da ƙafar tsayawa. Ta yi kuskure, wannan ba a musu. Amma ramin da ta faɗa a buɗe yake, yana jiran duk wanda ya biyo. Korar ta ko gurfanar da ita ba zai matsar da 1.2 daga cikin baka biyu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan tsagar ta fara tun daga takardar likita, ta bi ta ɗakin magani, ta ratsa famfo. Ga kuma illar farautar mai laifi: ma'aikacin da ya ga abin da aka yi wa abokiyar aikinsa, gobe idan ya kusa yin irin nata ya farga, shiru zai yi. Kuskuren da aka kama kafin ya kai ga majiyyaci shi ne darasi mafi arha da asibiti ke samu, tsoro kuma shi ke hana a kawo rahotonsa.

Binciken ya kuma gano cewa ba wannan ne karo na farko ba. An taɓa yin irinsa da wannan magani a wasu asibitoci na Arewacin Amurka, mutane sun mutu, amma labarin bai zagaya yadda zai isa kunnen masu haɗa famfo a Edmanton ba. Ko rikicin adadin kwana ɗaya da na kwanaki ba sabo ba ne. A 1994, a Cibiyar Dana-Farber da ke Bostan, Betsy Lehman, 'yar jaridar Boston Globe mai rubutu kan lafiya, ta rasu bayan an ba ta ninki huɗu na maganin saikulofosfamid. Adadin da aka nufa na kwana huɗu gaba ɗaya shi aka riƙa ba ta kowace rana, saboda yadda aka rubuta umarnin yana ɗaukar fassara biyu. Shekara goma sha biyu tsakani, ƙasa dabam, magani dabam, amma gaɓar ɗaya ce: lamba ta rabu da lokacinta.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan wuya, ita ce ta zuba maganin kwana huɗu a leda ɗaya. Duk abin da ke cikin leda yana iya shiga jiki idan wani abu ya lalace. Da na kwana ɗaya ne a ciki, mafi munin abin da zai faru shi ne rubu'in wannan. Amma raba shi yana nufin majiyyaci ya zo asibiti kullum, a buɗe layin jijiya, wato siririyar robar da magani ke bi ya shiga jiki, sau huɗu, wanda ke ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta, a kuma taɓa famfo sau huɗu. Ba na ganin akwai amsa ɗaya da ta dace da kowane asibiti. Abin da na tsaya a kai shi ne, duk wanda ya zaɓi leda ɗaya ya san cewa abin da ke iya kashe mutum ya rataya masa a kafaɗa ya sallame shi gida, don haka shingen da zai kewaye ta da shi sai ya fi na kullum.

Bayan leda ta ƙare

Kashi na biyu na lamarin ba a cika ba shi muhimmanci ba, alhali ya kai na farko nauyi.

Matar ta koma asibiti a daren. An cire famfon, an wanke layin. Shugabar nas-nas ta dare ta kira likitan da ke bakin aiki, aka ce babu abin da za a iya yi, babu makari, a sake tuntuɓa da safe. Aka yi mata bayanin cewa za ta iya shan wahala, ta riƙa shan ruwa sosai, ta koma gida. Sai bayan kwana huɗu aka kwantar da ita.

Kafin a zargi kowa, a fahimci halin wannan magani. Wanda 5-FU ya yi wa yawa yakan tashi garau a ranar farko, har ta biyu. Maganin ya riga ya bar jini, wankin ƙoda ba zai fitar da komai ba, gwajin jini na ranar kuma yana iya fitowa lafiya lau. Ɓarnar tana can cikin ƙwayoyin da ya shiga, sai lokacin da ya kamata su sabunta ya zo sannan ta bayyana. Baki da maƙogwaro su sale har haɗiyar yawu ta gagara. Gudawa ta ɓarke. Fararen ƙwayoyin jini su faɗi, masu tsayar da zubar jini su bi su, jiki ya zama gida ba ƙofa ga kowace ƙwayar cuta. Haka ya faru da ita. Bakinta da hanjinta suka lalace, ɓargo ya daina aiki, hawan jininta ya faɗi, gaɓoɓin ciki suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya a sashen kulawa ta musamman. Ga kuma sisfilatin da aka ba ta a ranar, wanda ya ƙara wa jikin nauyi.

Gaskiya ne a 2006 babu makarin da hukuma ta amince da shi. Amma "babu makari" da "babu abin yi" ba ɗaya ba ne. Ana iya kwantar da mutum tun a daren, a sa masa ruwa, a sa ido kan zuciyarsa domin 5-FU yana iya matse jijiyoyinta, a riƙa auna jini kullum, a fara allurar da ke zaburar da ɓargo, a shirya maganin kashe ƙwayoyin cuta tun zazzaɓi bai zo ba, a kira cibiyar bayanai kan guba. Babu wanda zai rantse cewa da an yi haka da ta rayu. Abin da ya shiga jikinta ya yi yawa ƙwarai. Amma a lokacin asibitin ba shi da rubutaccen tsarin abin da za a yi idan maganin kansa ya wuce ƙima. Likitan dare, shi kaɗai da wayarsa, aka bar wa yanke shawara kan abin da wataƙila bai taɓa gani ba. Wurin da ke ba da irin wannan magani kowace rana ya kamata a ce yana da shafi ɗaya a manne a bango: idan ya faru, kira wane, kwantar nan take, auna kaza, fara kaza. Lafiyar da majiyyaci ke nunawa a ranar farko ba hujjar sallama ba ce.

Abin da ya kamata ya canza

Mafi yawan gyaran da binciken ya nuna ba na sayen kaya ba ne. Likita ya rubuta umarni cikakke: adadin kwana ɗaya, adadin gaba ɗaya, tsawon lokaci, a tsari ɗaya da ba ya canzawa daga likita zuwa likita. Ɗakin magani, inda ake da natsuwa da kwamfuta, shi zai fitar da gudun, ya rubuta shi a jikin leda da ma'aunin da famfo ke tambaya, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe. Lambar awa 24 ba ta da aikin yi a wannan layi, a cire ta. Takardar likita, takardar leda da allon famfo su yi magana da harshe ɗaya, a jere ɗaya, yadda nas za ta gwada su layi da layi. Nas ta ci gaba da yin nata lissafin, amma a matsayin mai tabbatarwa. Kada a ce ita ce wuri na farko kuma na ƙarshe da lambar ke fitowa.

A 2009 ƙungiyar likitocin cutar daji ta Amurka, ASCO, da ta nas-nas masu jinyar cutar, ONS, suka fitar da ƙa'idojin ba da maganin kansa, waɗanda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. A ciki akwai cewa ba a ba da umarnin irin wannan magani da baki, sai dai umarnin dakatarwa ko tsayarwa, da kuma cewa ƙwararru biyu su tabbatar da sunan magani, adadi, yawan ruwa, hanyar shiga da gudu kafin a fara.

Sai famfo. Na zamani suna ɗauke da jerin magunguna da iyakar kowanne, idan aka danna abin da ya wuce sai su ƙi. Wannan shinge ne na gaske, domin ba ya gajiya, ba a kuma tare shi a kan hanya. Amma sai an ɗora masa jerin, an kuma hana a riƙa tsallake shi don sauri. Asibitoci da yawa sun koma ga wani nau'i marar batir, mai kamar balan-balan a cikin gora, wanda ke matso magani da kansa ta wata siririyar hanya. Babu abin dannawa, saboda haka babu kuskuren dannawa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Kowane irinsa da gudun da aka ƙera shi da shi, kuma sun yi kama da juna a ido. An sami inda aka ɗauko mai sauri a maimakon mai jinkiri, maganin kwana biyu ya ƙare cikin 'yan awoyi. Zafi ma yana ƙara masa gudu. Kuskuren ya tashi daga yatsan nas ya koma kan shiryayyen ɗakin magani, can ma sai an tsare.

Akwai mutum na uku a ɗakin da ba a saka cikin dubawar ba, ita ce majiyyaciyar. Ba ina nufin a ɗora mata nauyin lissafi ba. Wanda ke fama da kansa yana da abin da ya ishe shi. Amma a nuna mata allon a ce: wannan lamba ita ce abin da ya shiga, bayan awa ɗaya za ki ga kusan ɗaya, gobe war haka kusan 29, ledar nan ba za ta ƙare ba sai ranar kaza, idan kika ga tana saurin raguwa ga inda za ki matse, ga lambar da za ki kira ko tsakar dare ne. Haka kuma a riƙe mutum ya ɗan zauna bayan an kunna, a sake duba famfon kafin ya fita. A wannan lamari, da an duba bayan awa ɗaya, da an ga 28.8 inda ake tsammanin 1.2. Da na kwana ɗaya ne ya shiga, kashi uku cikin huɗu na nan a leda.

Game da makari kuwa, yanzu akwai shi. A Disamba 2015 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da yuridin tirayasitet, wanda ake sayarwa da sunan Vistogard. Ana shan sa ta baki, giram 10 ga babba duk awa shida, har sau 20. A jiki yana komawa yuridin, wanda ke gasa da gubar 5-FU wajen shiga ƙwayoyin lafiya, ya tare mata wuri. A cikin majiyyata 135 da aka dogara da bayanansu wajen amincewa da shi, kashi 96 cikin ɗari sun rayu.

Amma yana da sharaɗi. Sai an fara shi cikin awa 96 daga ƙarewar 5-FU, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Ba a jiran alamu. Ba kowane ɗakin magani ke ajiye shi ba, don haka tun kafin a buƙace shi ya kamata a san wa za a kira, daga ina zai taso, awa nawa zai yi a hanya, wa zai sa hannu idan dare ne ko ranar hutu. Awa 96 kwana huɗu ke nan. Matar Edmanton a rana ta huɗu aka kwantar da ita. Ko da a ce makarin yana nan a 2006, in dai da irin wancan jiran aka bi, da lokacinsa yana ƙarewa ne a ranar da aka ba ta gado.